Fim Huɗu da Na Buɗe a Rana

Gummi, ranar Laraba.

Zuwa gare ka, ɗan fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarsa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, kuma ban zauna rubuta ta don in jiƙa ta da hawaye ba, ka san ba halina ba ne. Akwai maganar da ta shafi kayanka, ya kamata ka ji ta daga gare ni. Zan bi tsarin da aka koya mana a makaranta, gaisuwa tukuna, sai labarin gida, sannan abin da ya sa aka ɗauki alƙalami.

Mutanen gida lafiya lau. Babanka ya sami gero daidai gwargwado bana, wake ne tsutsa ta taɓa. Ƙafarsa ta dama tana nan tana damunsa, kuma har yau ya fi yarda da mai maganin kasuwar Bukkuyum a kan asibiti. Ƙanwarka Saratu ta ci jarrabawa, ban da lissafi. 'Ya'yan Kawunka Ɗanjuma biyu sun koma haƙar zinari wajen Bagega, duk da yaran da aka binne can saboda gubar dalma. Na faɗa wa uwarsu gaskiya, ta yi fushi, ta daina shigowa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ɗiyarka Walida ta fara zama. Tana da goshinka, in ji mutane. Matarka Rukayya ta fita takaba ranar Juma'ar da ta wuce, jibi danginta za su zo su koma da ita Kano.

Ban taɓa ɓoye maka ra'ayina a kan ɗaukar hoton nan naka ba. Malamin makaranta, mai mata, a ce duk Asabar ya rataya tsohuwar kyamara a wuya ya shiga gari yana yawo kamar wanda ya rasa wurin zama? Da sana'a ce da na yi shiru, amma ko biki ba ka ɗauka. Ka sayi abin a Sabon Gari wurin wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a lokacin da kowa ya yar da irinta ya koma waya, sannan ka riƙa jiran wani dattijo ya samo ruwan magani daga Legas kafin a wanke maka fim. Na aika maka ta bakin Babanka cewa lokacin mutum amana ne, za a tambaye shi a kai. Har yanzu ban janye wannan ba.

Abu ɗaya na yarda da shi, ban kuwa gaya maka ba. Wata Sallah da ka zo, ina madafi na ji kana yi wa Saratu bayani a tsakar gida. Ka ce fim ɗaya hoto talatin da shida ne, in ka danna ka danna, ba gogewa, shi ya sa wani lokaci kake tsayawa rabin sa'a a bakin lungu ka tafi ba ka ɗauki komai ba. Na ce a raina, ashe dai ya ji abin da nake faɗa masa a kan magana, cewa zarar bunu ce. Na ci gaba da tuƙa tuwona.

Bayan rasuwarka na duba kundayen hotunanka guda uku, shafi bayan shafi. Na ga 'yan garuwa sun jera kurarsu a Fagge. Na ga hannuwan marina a Ƙofar Mata, shuɗi har gwiwar hannu. Na ga tsohon taragon jirgi da awaki a ciki, da wani tela da barci ya kwashe a kan kekensa a Kurmi, da rufin gidaje daga kan Dala, kowane da shanyarsa. Wani hoton ƙafafun mutane ne kawai a bakin masallaci suna neman takalma. Me ka gani a ƙafafun mutane? Ban ce ba su yi kyau ba. Amma ka ɗauki mutum ya fi ɗari, waɗanda ba su san ka ba, ba su san ranar da ka mutu ba, kai kuma ba ka cikin ko ɗaya. Abin da muke da shi naka a gidan nan shi ne ɗan hoton katin aikinka, wanda hatimi ya cinye rabin haɓarka, sai na firamare da kuka jeru ku arba'in.

Ka san ban je sunan Walida ba, duk da sunana ka sa mata. Gwaggonka Hajara na aika da yaji da zannuwa. Da na je, me za a ce? A ce ta kasa haƙuri ta ruga Kano saboda ɗan fari. Haka aka rene ni, haka na rene ka. Ban kira sunanka ba, ban zauna hira da kai ba, in ka durƙusa gaisuwa ina amsawa ina kallon wani wuri. Wata biyu bayan sunan zazzaɓi ya kama ka, kwana biyar. Kafin Babanka ya isa Kano an riga an kai ka. Ni ban ga komai ba.

Da aka kawo Rukayya nan don takaba, ta shigo ɗakina ta durƙusa ta miƙo mini gwangwanin madara. A ciki akwai fim huɗu da ba a wanke ba, kowane cikin ɗan ƙoƙonsa na ƙarfe, na biyar yana cikin kyamara. Ta ce a firji kake ajiye su, tun da nan babu wuta ta roƙe ni in sa su kusa da randa kada zafi ya taɓa su. Ta ce biyu na ranar suna ne, ka rubuta a jikinsu. Ta ce a ranar abokinka Aminu ya ƙwace kyamarar ya ɗauke ka kana riƙe da jaririyar, kana dariya kana cewa yana ɓata maka fim. Wannan ne kaɗai hotonka da ɗiyarka a duniya. Na karɓa na ce to, Allah Ya ba mu haƙuri.

Sun yi kwana goma sha biyu a gindin randa. Ranar na goma sha uku, da hantsi, Babanka yana gona, Saratu tana makaranta, Rukayya tana ɗaki da yarinya, na ɗauki gwangwanin da wuƙar yankan kuɓewa na zaga bayan rumbu.

Lokacin da muke sakandare, mai hoto yakan zo ƙarshen zango, in ya kawo hotuna ya haɗo mana da ɗan baƙin fim ɗin. Mukan ɗaga shi a rana mu ga kanmu, fuska fara, ɗankwali baƙi, mu yi ta dariya. Abin da na sani game da fim ke nan, kuma na ɗauka ya ishe ni. Na ɓamɓare murfin na farko na zaro shi tsawonsa na ɗaga a rana. Ba komai a jiki, launin ƙasa-ƙasa ne kawai daga farko har ƙarshe. Na ce ƙila wannan ba ka yi amfani da shi ba. Na buɗe na biyu. Na buɗe na uku da na huɗu. Ni da nake ce wa yara in abu bai yiwu sau ɗaya ba su tsaya su tambaya.

Na gaya wa kaina cewa bincike nake yi. Yaro ya yi shekara bakwai a birni yana yawo da kyamara, wa ya san abin da ke ciki? Gara uwa ta fara gani ta rufa masa asiri kafin ya faɗa hannun mai wanki. Wannan hujjar na riƙe, kuma mai kyau ce. Sai dai da na ranar suna na fara.

Ranar kasuwa na biya ta shagon Baba Sande mai hoto, wanda yanzu daga waya yake fitar wa mutane hotuna. Na tambaye shi kamar don wata maƙwabciya nake tambaya. Ya yi dariya har ya tuɓe tabarau, ya ce wace jahila ce wannan, ai fim ɗin da ba a wanke ba haske ne ajalinsa, ko ƙyaftawar ido ya gani ya tafi, ko Bature ya zo ba zai dawo da shi ba. Ya ce in gaya mata ta je ta ɗaure tumaki da shi. Na ce zan gaya mata.

Na dawo na nannaɗe su na mayar cikin ƙoƙunansu, na danne murafen da bayan ludayi, na sa a gindin randa.

Da Aminu ya zo addu'ar arba'in, Rukayya ta karɓi gwangwanin ta ba shi tare da kyamarar. Bayan mako uku ya bugo waya ya ce mai wankin ya ce huɗun sun sha haske, ba abin da ya fito. A ranar Gwaggonka Hajara tana nan, da matan maƙwabta biyu. Hajara ta juya kan Rukayya ta wanke ta tas. Ta ce yaran birni ba su san darajar kaya ba, abu ɗaya da miji ya bar wa marainiya an kasa killace shi. Rukayya ta sunkuyar da kai. Ina zaune a kan tabarma ina tsince wake. Na ce ƙila zafin hanya ne. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ka tuna kana shekara tara, da ka fasa gilashin fitila ka ce kaza ce? Ban dake ka don gilashi ba, na gaya maka a lokacin. Na dake ka don ka ɗora wa wadda ba ta da bakin kare kanta. Kwana uku ba ka iya zama sosai ba. To ni wa zai dake ni?

Na biyar ɗin ya fito, tun da ban san yadda ake buɗe kyamarar ba. Hoto goma sha ɗaya ne kawai ka kai ga ɗauka. Masu sayar da rake a bakin titin Zariya, wata gada da ake ginawa, tsummokin Walida a kan igiya, bayan Rukayya tana wanke-wanke. Na sa tabarau na duba har gilashin motocin da ke ciki ko ka faɗa a wani. Ba ka faɗa ba.

Wata uku na yi ina amsa gaisuwar yarinyar nan safe da yamma. Takan share mini ɗaki, ta cika randa, ta kawo Walida ta ajiye mini a cinya. Ban so aurenku ba tun farko, ka sani, na ce 'yar Kano ba za ta iya da mu ba. Jiya bayan la'asar na ga ta fara ɗaure kaya, na ga in ta tafi da wannan a kanta ta tafi ke nan, kuma wata rana Walida za ta girma wani ya gaya mata uwarta ce ta lalata hoton ubanta. Na shiga ɗakinta. Ban taɓa zama a ciki ba sai jiya. Na faɗa mata komai, da wuƙar, da rumbun, da Baba Sande, ban rage ba.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta sani tun ranar da ta karɓi gwangwanin za ta ba Aminu, ta ga murafen a lanƙwashe da shatin wuƙa, kuma kai ka sha gaya mata abin da haske ke yi wa fim. Ta ba shi ne kawai ko Allah zai sa wani abu ya tsira. Na tambaye ta me ya hana ta magana ranar da Hajara ke zaginta. Ta ce, "Inna, na san ba ɓarna kika je yi ba. Ganinsa kika je yi."

Na tashi na fita, don lokacin kiran magariba ya yi kusa kuma ban ɗora tukunya ba.

Ta roƙe ni in bar maganar tsakaninmu. Ban yarda ba. Laifin da aka ɗora wa mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a ake sauke masa. Na aika a kira Hajara gobe da hantsi, da matan nan biyu, Babanka ma zai zauna. Hajara za ta kai labarin har Anka kafin Juma'a, na san ta, za a ce mai yi wa mutane wa'azin tarbiyya ta yi abin kunya. A faɗa. In Allah Ya ja kwanana har Walida ta yi wayo, ni zan gaya mata da bakina, ba uwarta ba.

Saura kai. Ban taɓa neman gafarar ɗan da na haifa ba, ban ma san yadda ake fara ta ba. Hotunanka ne, ka ɗauke su da ƙafarka da haƙurinka, ɗayan kuma na ɗiyarka ne, na ɓata su da hannuna, na kuma yi shiru aka zagi matarka. Ka yafe mini. Ni na daɗe da yafe maka duk abin da ke tsakaninmu, kuma da na zauna na lissafa ban sami wani abin kirki da zan yafe ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya raya abin da ka bari. Sai mun zo.

Ni ce,
Innarka.