Sifikokin Ɗakin Auta

Zuwa ga Dogo, abokin Autana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ya ƙarin haƙurinmu? Na rubuto ne don in na ɗauki waya kuka yake riga ni magana.

Tun da aka kai Auta makwancinsa ban shiga ɗakin da yake haɗa waƙa ba sai makon jiya. Ƙura ta rufe komai. Na ce bari in yi masa gyara ko sau ɗaya, tunda yana raye bai taɓa bari na kai tsintsiya ciki ba. Na ɓamɓare soson da ya manna a bango, na sauke bargunan da ya rataya a taga, na tura teburin kusurwa. Sifikokinsa biyu ma na goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Ban san fuskarsu takarda ce ba. Ɗaya ta huje a hannuna.

Yayarsa ta kunna mini waƙar da ya bari a kwamfuta, wadda ya rera da bakinsa bai gama haɗawa ba. Kamar mutum yana magana a cikin randa, ga wata ƙara kamar ta ƙudan zuma a gefe.

Na je kasuwa neman wasu. Mai shago ya nuna mini wata da ta kai ƙuguna, mai fitilu, ya ce har kwanonin maƙwabta sai sun yi rawa. Na ce masa ba rawa na zo nema ba. Ban saya ba.

Ɗana, muryarsa ta fara kuɓuce mini. Ina tuna maganganunsa, amma da muryata nake jin su a kaina. Ka gaya mini wadda zan saya in ji shi yadda yake.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyar Auta

*

Mama,

Wa'alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Kin yi daidai da ba ki sayi mai fitilun ba. Irin waɗannan kwalliya suke yi wa sauti, su kumbura ganga, su shafe aibu. Namu na aikin haɗa waƙa ba sa ƙari, ba sa ragi, abin da ya shiga shi suke fitarwa. Ɗakin ƙarami ne, don haka ƙanana guda biyu sun isa, manya za su cika shi da gurnani ne kawai. Sai an janye su daga bango, a ɗaga su daidai kunne, nisan da ke tsakaninsu ya zo ɗaya da nisansu da mai zama.

Soson nan kuwa da bargunan ba ƙazanta ba ce, su suke hana sauti dukan bango ya dawo. Da yana nan da ya yi fushi da ke har zuwa lokacin cin abinci. Kada ki sa abin a ranki, duk zan mayar.

Ba sai kin koma kasuwa ba. Akwai wasu da ni da shi muka sha zuwa muna saurara a shago, yana cewa wata rana. Zan zo da su ranar hutuna. In kin yarda kuma, ni zan ƙarasa haɗa waƙar.

Ki gaida Yaya.
Ɗanki, Dogo

*

Dogo,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ka koma gida lafiya. Ka yafe mini yadda na tashi na bar ka a ɗakin ban ko yi maka godiya ba, bayan ka wuni kana manna soso, kana awo da igiya, kana matsar da kujera.

Da ka zaunar da ni ka danna, na ji komai. Na ji buɗe bakinsa, na ji yadda yake jan numfashi kafin kowane layi, har haɗiyar yawunsa na ji. Kai kana share hawaye kana cewa ga shi nan, Mama, ga shi nan. Ni kuwa wani saurayi nake ji ya matso dab da fuskata yana rera waƙa mai daɗi, ban san shi ba. Muryar siririya ce, a wanke tas. Ba Autana ba ne.

Na sa yayarsa ta sake kunnawa bayan tafiyarka. Ita ma ta ce shi ne. To in kowa ya gane shi sai ni, ni ce na rasa shi ke nan gaba ɗaya. Ni da na haife shi.

Ko an yi maka canji a shagon? Ka duba mini.

Mahaifiyar Auta

*

Mama,

Ina gaisuwa. Da zan iya ce miki an yi mini canji, da na faɗa. Na gwada su kafin in kawo, na kuma gwada waƙar a ɗakina. Lafiyarsu ƙalau. Abin da kika ji shi ne abin da ya fito daga bakinsa ranar, ina zaune kusa da shi.

Zan iya yi wa muryar kauri, in rage mata kaifi, in yi ta juyawa har ki ce ta yi. Amma wannan hannuna ne, ba shi ba, kuma na san za ki gane daga baya. Ban taɓa komai ba. Ki faɗi abin da kike so, shi zan yi.

Ɗanki, Dogo

*

Ɗana Dogo,

Gaisuwa mai yawa. Kada ka taɓa muryar.

Jiya ina wanke-wanke a tsakar gida, yayarsa ta kunna waƙar ta fito ta ja ƙofar. Sai na ji shi ta bango, da kaurinsa, rabin kalmomin ba sa fita. Haka na saba jinsa shekara da shekaru, ban taɓa zama a kujerarsa ba sai ranar da ka zaunar da ni. Ban san lokacin da na ɗaga murya na ce, "Auta, rage abin nan ka fito ka ci abinci."

Waƙar ta ƙare. Na tsaya da kumfa a hannuna.

Yayarsa za ta koma gidanta gobe. Ta nuna mini inda ake dannawa. Tambaya ɗaya gare ni. Akwai yadda za a yi ta riƙa komawa farko da kanta? In na shiga don in danna, kujerar nake gani.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyar Auta