Jar Rigar Nayra

Litinin, 4 ga Maris
An yanke hukunci. Nayra za ta koma birnin Milan a ƙasar waje wurin ubanta Efraín, wai can ne "mazauninta". Ni da na haife ta na gudo da ita gida, sunana ɓarauniya. Shekara da shekaru ina koyar da adabi a nan garinmu Ayacucho, ban taɓa jin an karanta jimla mai muni da murya mai sanyi haka ba.

Alhamis, 14 ga Maris
Sun karɓe ta a ƙofar kotu. Ko kuka ba ta yi ba, sandarewa kawai. Mama ta ce, "Kurwarta ta faɗi a nan, na gani." Na ce, "Mama, don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni."

Juma'a, 15 ga Maris
Da faɗuwar rana tsohuwa ta koma ƙofar kotu da jar rigar sanyin Nayra, tana jan ta a ƙasa, tana kiran sunanta har gida, ba waiwaye. Haka ake yi wa yaron da ya firgita, a ƙarshe a sa masa rigar kurwa ta koma jikinsa. Mu wa za mu sa wa? Ta shimfiɗa ta a gadon Nayra.

Talata, 19 ga Maris
Karenmu ya daina shiga ɗakin Nayra. Bakin ƙofa yake zama, yana kaɗa wa gado wutsiya. Rigar da ɗumi. Rana ce, na ce. Rana ba ta shiga ɗakin nan.

Lahadi, 24 ga Maris
Efraín ya kira. "Rosaura, me kuka yi mata? Ba ta ci, ba ta magana." Na ce, "Ai kai ka ci shari'a, ranka ya daɗe. Ka sa alƙaliya ta ba ta abinci." Ya nuna min ita a waya. Ta rame. Idanu a buɗe, ba kowa a cikinsu.
Mama tana ɓare masara ta ce, "Ai tana nan wurinmu, 'yata. Ba abin da kike so ke nan ba?"

Laraba, 27 ga Maris
Na aika rigar Milan. Ba wai na yarda da komai ba ne, sanyi ake yi can. Sai dai har gidan waya ban waiwaya ba, kuma bakina yana motsi da sunanta.
Da na dawo, kare na kwance a gadonta. Gadon sanyi ƙalau.