Addu'ar da Umma Ba Ta Ƙarasa Ba

Zuwa ga ƙanena Kabiru, autan Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Japan. A nan ne aka koya mana tun muna firamare mu ƙara da cewa "kamar yadda muke a nan lafiya". Na rubuta, na goge. Ka yi haƙuri da gurbin da na bari.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙarka a fili, a shafina na intanet da kowa yake karantawa. Umma ce ta sa na yi mata alkawari ba zan kira ka in tayar maka da hankali ba, ba kuma zan tura maka saƙo ba. Ba ta san da shafin nan ba, shi ya sa ba ta saka shi cikin alkawarin ba. Kai kuwa na san kana leƙowa, don ko hoton tuwo na saka sai na ga ɗan yatsanka a ƙasa. Wayata ce dai ba ka ɗauka, wai kana cikin jirgin ƙasa, mutanen can kuma ba sa waya a jirgi. Wata huɗu ke nan, Auta. Ban taɓa jin jirgin da ba ya tsayawa a tasha ba.

Bari in tuna maka ranar da ka kawo katin nan gidana a unguwar Woolwich, nan ƙasar Turawa. Muna cin abincin rana, ka ciro shi daga aljihu ka miƙa wa Umma da hannu biyu, kamar yadda ka ce ake miƙa abu mai daraja a can. Ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta tambaya ko na banki ne. Ka yi dariya ka fara bayani. Ka ce ba kowa ake ba ba, sai wanda ya yi ta tashi da kamfanin jirgin har ya kai wani matsayi. Ka ce mai shi ba ya bin dogon layin bincike a filin jirgi, akwai wata ƙofa a gefe. Ka ce ko da katin ma sai in jirginsu ka hau ko na abokan hulɗarsu, sai kuma alamar ta fito a jikin takardar shiga jirgi, in kuma shekara ta juyo ba ka cika tafiye-tafiyenka ba, a sauke ka ƙasa ka koma cikin talakawa. Nan take na raɗa wa ƙofar suna layin 'yan gata, ka ɓata rai kaɗan.

Umma ta bari ka gama tsaf, ta ajiye katin gefen kwanon miya ta ce, "To kai ina kake sauri?" Dariya muka yi dukkanmu.

Ba zan yi maka ƙarya ba, da ka fara dawo mana da ɗabi'un mutanen can na sami abin tsokana. Kai da muryarka take riga ka shiga gida, ka koma magana ƙasa-ƙasa kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Tsarabarka ta koma zuwa a naɗe cikin takarda mai kyau har mutum ya ji nauyin yagawa. In ka cire takalmi a bakin ƙofa sai ka sunkuya ka juya su, hancinsu yana kallon waje, wai don in an tashi fita a zura kawai. Na ce maka a gidanmu wanda ya juya takalmi tun bai zauna ba, ba zama ya kawo shi ba. Ka ce ni dai ba na rabo da magana.

Amma akwai guda ɗaya da ya shiga ran Umma. Ka ba mu labarin wani dattijo a masana'antar da kake zuwa aiki, wanda ya rako ka har bakin titi ana ruwa, ya tsaya cak bai koma ba sai da motarku ta sha kwana. Ka ce al'adarsu ce, mai rakiya ba ya juya baya sai baƙo ya ɓace masa, shi kuma baƙon in ya kai kwana sai ya waiwayo ya yi sallama ta ƙarshe. Umma ta gyara zama ta ce, "Ashe su ma sun san rakiya. Mutanen kirki ne." Ranar har ƙarin nama ta zuba maka.

Ka san yadda take da rakiya. Tun da na ɗauko ta daga Kano ta dawo wurina, ba ka taɓa tashi ba ta bi ka filin jirgi ba, ko da gwiwarta tana ciwo. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da take yi bayan ka durƙusa ta dafa kanka ka shiga layi. Ni nake tsayawa gefenta riƙe da jakarta, ni na sani.

Daga inda masu rakiya suke tsayawa ana hango layin ta gilashi. Yana tafiya yana lanƙwasowa, in ka ba mu baya can sai ka sake fuskanto mu. Kai kana ganin wahala ce, kana ta duba agogo kana tsaki. Ita kuwa wannan layin shi ne lokacinta. Da ka shiga take ciro carbi. Ta fara da salati, ta bi da surorin tsari kowace ƙafa bakwai, ta roƙa maka lafiyar jirgi da ta matuƙinsa da ta wanda za ka zauna kusa da shi, ta roƙa maka abinci na halal a ƙasar da ba ta san sunan abincinsu ba. In ta gama sai ta tofa a tafin hannunta na dama, ta jira sai ka kai ƙofar ƙarshe, ta buɗe hannun ta hura wajen bayanka ta ce, "Allah ya kai ka, ya dawo mini da kai." Shekara da shekaru ba ta taɓa makara ba. Kamar da ita aka auna tsawon layin.

Tafiyar nan ta ƙarshe ita ce ta farko da ta raka ka kana da kati. Tun a gida aka fara samun tangarɗa, da ka fitar da dambun naman da ta kwana biyu tana yi ka ce ba a shiga ƙasar da nama. Gaskiya ka faɗa, ta kuma haƙura ta bar maka yaji da kuka. Muka hau jirgin ƙasa mu uku har filin jirgi, tana ta gyara maka wuyan riga kamar ɗan makaranta.

Da muka isa wurin rabuwa ta ɗaga hannu za ta dafa kanka. Kai kuwa ka ja da baya taku biyu, ka haɗa ƙafafu, ka manna hannaye a cinya, ka sunkuya mata daga tsaye. Na san girmamawa kake nufi, na san ma ka sunkuya ƙasa fiye da yadda kake yi wa shugabanka. Amma kanka ya yi mata nisa. Hannunta ya tsaya a iska, sannan ta mayar da shi kamar mayafinta take gyarawa.

Ka miƙa takardarka da hannu biyu ga matar da take tsaron ƙofar gefe, fitila ta kawo kore, ka shige bayan wani bango. Ko minti biyu ba a yi ba. Ba ka waiwayo ba, Kabiru. Kai da ka koya mana waiwaye a kwana.

Ita ba ta ga shigarka ba, kanta yana ƙasa tana warware carbi. Da ta ɗago sai ta kai idonta kan dogon layin yadda ta saba, ta fara karatu tana neman shuɗiyar rigarka cikin mutane. Sau biyu ta bi wani saurayi da ido har ya juyo ta ga ba kai ba ne. Nan laifina yake, ba naka kaɗai ba. Na san da ƙofar gefen, ni na raɗa mata suna, amma ko sau ɗaya bai zo mini in ce ta fara addu'arta tun a hanya ba. Da na ga tana nemanka kuma na kasa buɗe baki. Na bar ta ta karanta har ƙarshe, ta tofa a hannu, ta tsaya tana jiran bayan da za ta hura wa. A lokacin ina jin kai har ka zauna a ɗakin hutun 'yan gata an kawo maka shayi.

Sai da na ce mata ka daɗe da wucewa. Ta dunƙule hannun. A haka muka hau jirgin ƙasa, a haka muka sauka Woolwich, hannun dama a dunƙule a kan cinyarta, da hagu ta riƙe ƙarfe ta tashi. Sai da muka shiga gida ta ce, "Ban ƙarasa masa ba." Na ce Allah ya ji, ba sai an hura ba. Ta ce ta sani.

Daga nan abinci ya fara saura a kwanonta. Na ɗauka kewarka ce, har ina yi mata tsiya wai auta ya tafi da cikinta. Sai zobenta ya fara zamewa daga yatsa, sai farin idonta ya canza launi. Sama da shekara goma ina aikin nas a garin nan, amma sai da 'yata Amira ta ce mini da Turancinta kakarta ta yi rawaya sannan na yarda da abin da idona yake gani.

Na kai ta wurin likitan unguwa. Ka san yadda layin asibiti yake a ƙasar nan, maƙwabciyata tun bara take jiran a duba mata ƙugu. Umma kuwa ko mako ba a rufa ba aka kira mu ɗaukar hoto, kwana uku bayan nan aka sake kira. Ta ji daɗi, ta ce Turawan nan suna ganin girman tsofaffi. Na ce haka ne. Ni na san wannan layin, na sha tura mutane cikinsa da hannuna, na kuma san irin waɗanda ake ɗauke wa jira. Ita ma ta sami layin 'yan gata, Auta, kuma ba wanda ya tambaye ta kati.

Ba zan rubuta sunan ciwon a nan ba. Zan dai gaya maka cewa likitan ya rufe ƙofa, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya tambaye ni ko tana da wasu 'ya'yan. Na ce akwai ɗaya, yana nesa. Ya ce in akwai wanda ya kamata ya zo, gara ya zo yanzu tana gane mutane tana hira.

Watan jiya, kafin duk wannan ya fito fili, na tambaye ka yaushe za ka leƙo. Ka rubuto, "Yaya, zai ɗan yi wuya, amma zan duba." Ka ƙara da cewa akwai tafiye-tafiye biyu a can yankin da kake so ka yi kafin shekarar katin ta cika. Ka manta kai da bakinka ka gaya mini mutanen can ba sa cewa a'a, sai su ce zai ɗan yi wuya. Na ji haushi har na kife wayar a kan tebur. Ni yayarka ce, ni na goya ka, ba abokiyar cinikin kamfaninku ba. Amma ba ka sani ba a lokacin, yanzu kuma ka sani.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ka san ni ce 'yar fari, tun da aka haife ni Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "'yar nan". Ranar Talata ina wanke-wanke na ji an ce "Bilkisu" daga falo. Na ɗauka baƙuwa muka yi. Na fito hannuna duk kumfa, na tarar ita kaɗai ce. Ta ce ba komai, so take ta ji yadda yake a bakinta.

Ga kuma takalma. Ita da take yi maka dariyar juya takalmi, yanzu kullum sai in tarar nata a bakin ƙofa an jera su, hancinsu yana kallon waje. Ba inda take zuwa. Da safe kafin in fita aiki in juya su ciki, in na dawo in same su sun koma kallon ƙofa. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi mata ba.

In ta kishingiɗa bayan azahar barci ya ɗauke ta, hannun daman nan a dunƙule yake.

Ba na roƙonka ka bar aikinka, ba kuma na cewa ka jefar da katin. Yau ma nake ganin amfaninsa. Ka ɗauko shi, ka miƙa musu da hannu biyu ko da hannu goma, ka tsallake duk layin da ke tsakaninka da Woolwich. Kada ka tsaya naɗe tsaraba. Kada ka kira ka tambaye ta jikinta, za ta ce maka garau take, ta hana ka zuwa don kada ta ɗora maka wahala, a wannan fannin ta fi mutanen Japan ɗinka iyawa. In ka shigo ka watsar da takalmanka duk inda suka faɗi kamar yadda kake yi kana yaro. Kada ka sunkuya mata daga nesa. Ka durƙusa a gabanta har gwiwarka ta taɓa ƙasa, ka kawo kanka inda hannunta zai kai.

Za ta yi fushi da ni in ta ji yadda ka samu labari. Na yarda, ta yi, in dai kana zaune a wurin.

Allah ya ba Umma lafiya, ya sassauta mata, ya sa abin da ya same ta ya zama kankarar zunubi. Allah ya yafe mini shirun da na yi a filin jirgi. Allah ya buɗe maka kowace ƙofa, ta gefe da ta gaba. Sauran kuma ba nawa ba ne, yana cikin hannunta tana riƙe maka. Allah ya kawo ka tun tana iya buɗe shi da kanta.

Wassalam.

Yayarka mai jiran ƙarar ƙofa,
Bilkisu