Maganata ce ta buɗe wa ƙanena, ni kuma har yau ina waje

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka saka mini wannan ba tare da sunana ba, akwai 'yan makarantarmu a nan, in suka gane ni ban san inda zan sa kaina ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ina roƙon abu ɗaya tukuna, kada a mayar da maganar nan gardamar ɗariƙa, na san yadda ake yi a ƙarƙashin irin wannan rubutu. Wanda bai yarda da hanyar da nake bi ba ina ganin girmansa, sai dai ba wannan ne ya hana ni sukuni ba.

Ni ɗalibi ne a jami'ar Aliero, gidanmu a Jega yake, mahaifina hatsi yake sayarwa a kasuwa. Tun ina ƙarami ni ba mai magana ba ne, in mutane suka taru bakina ya mutu ke nan, abin da na iya kawai karatu. Ina sakandare na faɗa karanta littattafan tasawwufi, na Larabci da na Hausa, daga baya har na Turanci da nake samu a waya, har da na mutanen wasu ƙasashe da ba Musulmi ba, don in ji su me suka ce. Duk inda na juya abu ɗaya nake tararwa, cewa bawa yana iya kaiwa inda zai daina ganin kansa wani abu ne mai zaman kansa, ya ga babu mai wanzuwa na haƙiƙa sai Allah, kuma ƙofar wannan ba a jiya take ba, ba a gobe take ba, tana cikin wannan numfashin da mutum yake shaƙa yanzu. Wallahi na so wannan abu fiye da yadda nake son digirin da aka turo ni nema.

Son nan ne ya kai ni wajen wani dattijo a wani ƙauye kusa da Mungadi, a ƙasar Maiyama. Muƙaddami ne, yana da 'yar zawiyyarsa ta ƙasa, yana yi wa muridai tarbiyya, wato ya ba ka zikirin da za ka riƙe, kana dawowa kana gaya masa halin da kake ciki, har Allah Ya yi maka buɗi ka ɗanɗani abin nan da littattafai suke ta kwatantawa. Na kusa shekara uku a hannunsa. Kowace Juma'a ana saukowa daga masallaci zan kama hanya don in sami zikirin yamma, ban taɓa tsallake wuridi ba, ban taɓa rage ƙwayar carbi ɗaya ba, ko ranar jarrabawa. Amma shiru. Ina zaune ina zikiri, rabin zuciyata yana leƙen ɗaya rabin yana tambaya, ya zo ne, ko bai zo ba, ko wannan sanyin da na ji a ƙirji shi ne. Na taɓa gaya wa Malam haka, ya yi dariya ya ce, “Kai wanga yaro, tun da ka ɗora tukunyar ga kake buɗe ta kana leƙe. Ruhe ta ka bar ta mana.” Na ce to. Na koma na riƙa leƙen ko na daina leƙe.

Yanzu ga inda matsalar ta fito. Ina da ƙane, ɗan baffana ne, bari in kira shi Nura duk da ba sunansa ba ne. Shekara ɗaya na riga shi shiga makaranta, ɗaki ɗaya muke a cikin gari. Nura duk abin da ba ni ba ne shi ne, ga surutu, ga dariya, gidan kallon ƙwallo ya fi laburare saninsa, sallar asuba sai na yi da gaske yake tashi. In ya gan ni da littafi sai ya ce, “Shehin ɗakinmu, yau sama ta nawa munka kai?” Baffa ya saya masa mashin, shi ya sa ya fara kai ni wajen Malam don ya rage mini wahalar mota, kuma shi da bakinsa ya ce shinkafa da waken da ake fitowa da shi bayan zikiri ne yake mayar da shi. A haka Malam ya saba da shi, ya ba shi zikiri shi ma. Wannan duka bai wuce 'yan watanni ba.

Wata Juma'a muna kan mashin tsakanin Aliero da Jega, shi yana tuƙi ni ina baya, sai ya fara ƙorafi yana ɗaga murya saboda iska. Ya ce, “Yaya, ni hwa abin ga ya hi ƙarhina. Da na ɗauki carbi sai ƙwallon jiya ta dawo, sai tes ɗin Litinin, sai wata yarinya 'yar ajinmu, duk su zo su zauna min a kai.” Ni kuma a satin na karanta wani babi da ya yi mini daɗi, na harhaɗa maganar a kaina yadda za ta yi kyau a baki, sai na faɗa masa ita don kawai ya yi shiru. Na ce wa ya gaya maka sai tunanin ya tafi sannan za ka samu, Wanda kake nema Ya fi tunanin kusa da kai, bai taɓa tafiya ba balle ka jira dawowarSa, ko yanzu da kake riƙe da kan mashin ɗin nan. Iyakar abin da na ce ke nan, kuma ina faɗa ina tunanin ko na kashe risho kafin mu fito.

Sai na ji mashin yana rage gudu. Ya sauka gefen titi daidai wasu gonakin albasa, ya kafe mashin, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Na ɗauka jiri ne ya kama shi. Hawaye suna zuba amma ba kuka yake ba, can kuma sai dariya, yana kallon gonar, yana kallon wata babbar mota da ta wuce da buhunan albasa, yana kallon tafin hannunsa kamar yau aka ba shi. Da ƙyar ya ce, “Yaya, ashe ba a zuwa ko'ina.” Ni ina tsaye a kansa da jaka a kafaɗa ina duba agogo, ina tsoron kada la'asar ta wuce mu.

Da muka isa Malam ya dube shi sau ɗaya ya kama hannunsa suka shiga ciki. Sun ɗan jima suka fito, Malam ya gaya wa 'yan'uwa muridai Allah Ya yi wa Nura buɗi, aka yi ta hamdala ana rungumarsa. Shi kuma a gaban kowa ya nuna ni ya ce ta bakin Yayansa abin ya zo. Kowa ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai, kuma jama'a ba tawali'u ba ne, ji na yi kamar an zuba mini garwashi a ciki. Maganata ce, ni na karanto ta, ni na gyara ta, ni na yi shekaru ina ɗauke da ita, ta ƙi yi mini komai, na jefa wa mai kallon ƙwallo a kan mashin ta buɗe masa.

Da ma ya canza ya zama mai girman kai da na sami abin kamawa. Bai yi ba. Yana nan yana barkwancinsa, yana zuwa kallon ƙwallonsa, amma wani abu ya kwanta a jikinsa. In yana cin abinci ci kawai yake yi, in kana yi masa magana sai ka ji duk duniya kai kaɗai yake saurare, yanzu shi yake tashe ni da asuba. Ni kuwa na zama mai gadinsa a ɓoye. Ina kallon alwalarsa ko zai bar diddige, ina sauraron karatunsa ko zai karya wasali, kuma in ya karya sai na jira akwai mutane sannan in gyara masa. Ranar da sakamako ya fito ya faɗi kwas ɗaya, na ce masa Allah Ya sa haka ne mafi alheri, amma a raina daɗi na ji, har na tsaya ina jira in ga ko natsuwar za ta tsage. Ya ce ai bai yi karatu ba ne, ya ɗauko littafin a ranar ya fara.

Akwai abin da na yi wanda ban gaya wa kowa ba. Wata Talata da rana na tsallake lakca, na hau mashin ɗan haya na ce ya sauke ni daidai wurin nan na gonakin albasa. Na cire takalmi yadda ya cire, na zauna inda ya zauna, na maimaita maganar a bayyane, na sake maimaitawa a hankali. Ban ji komai ba sai warin albasa da zafin ƙasa da ƙudaje. Mai gonar ya taso daga wajen injin ban-ruwa ya tsaya yana kallona, ya ce, “Samari lahiya? Ko ciki ne ya murɗa, ka shiga daga can bayan dawa.” Na sa takalmina na tafi.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne mutane sun ɗauka ni na daɗe da isa, ɓoyewa kawai nake yi. Shirun da nake yi na kunya ne tun ina yaro, su kuma sun mayar da shi shirun masani. A zawiyya an fara matsa mini wuri a gaba, wani dattijo sa'an babana ya kama hannuna ya ce in sa shi a addu'a. Nura ya fi kowa, ya daina ce mini Shehin ɗakinmu da wasa, yanzu in ya faɗa da gaske yake. Ran nan na dawo na tarar ya wanke mini kaya ya goge, wai hidima yake yi. Raina ya ɓaci, na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa kowa ba, na ce ya daina taɓa mini kaya, ya daina bina da ido, na gaya masa shi ba kowa ba ne, jiya jiya ya fara riƙe carbi, har na ce abin da ya same shi a hanya wataƙila rana ce ta buge shi. Da na gama sai ya yi murmushi ya ce ya gode, ya gane ina kashe masa son kai ne kada ya ruɗu, wai ko fushina tarbiyya ne. Jama'a ku gaya mini yadda mutum zai yi faɗa da irin wannan.

To Juma'ar da ta wuce bayan zikiri Malam ya tsayar da ni ni kaɗai. Ya ce ɗaliban Aliero masu son hanyar sun fara yawa, ba kowa yake iya zuwa Maiyama duk mako ba, yana son wanda zai riƙa zama da su can yana kula da zikirinsu, kuma 'yan'uwa duk ni suka ambata. Sai ya daɗe yana kallona, ya ce, “Amma wanda bai ɗanɗana ba, ba shi ɗanɗana wa wani. Kai ka san mi ke cikinka. Ka taho min da amsa Juma'a.” Na tambaye shi in ban karɓa ba fa. Ya ce to sai ƙanenka. Har yanzu ban sani ba ko ya gano ni ne yake jira in faɗa da bakina, ko shi ma ya yarda da abin da ake faɗa.

Ga inda nake tsaye. Duk tambayar da Malam zai yi mini na san amsarta, na karanta yadda waɗanda suka isa suke magana, na ga kuma yadda Nura ya yi da idona, zan iya faɗa daidai har da inda ake yin shiru. In na yi haka zan zauna gaban ɗalibai ina kwatanta musu ruwan da ban taɓa sha ba, kuma ina tsoron Allah a kan wannan, ina tsoron ƙofar ta rufe mini gaba ɗaya. In kuma na faɗi gaskiya, Nura za a ɗora, ni da ta dalilina ya san wurin zan zauna a gabansa cikin yaran aji ɗaya ina gaya masa halin zuciyata, labari ya kai Jega, a ce ƙaramin ya wuce babban da ake ta yi wa kirarin karatu. Na gwada hango kaina a wannan zaman, ƙirjina ya ƙi.

Akwai kuma na uku, shi ne na fi jin kunyar rubutawa. In zan faɗi gaskiya dole Nura ya ji cewa maganar da ta buɗe masa haddar littafi ce, na faɗa ne don ya rufe mini baki, zuciyata tana kan risho. Ban sani ba ko wannan zai girgiza abin da ya samu. Kuma da na zauna na binciki kaina yadda na saba binciken komai, na tarar akwai wani ɓangare nawa da yake son ya girgiza ɗin, yana son ya ga hasken nan ya ragu a fuskarsa ko da kaɗan ne. To yanzu ko gaskiyar ma ban san don wa zan faɗe ta ba, don Allah ko don in rama.

Masu ilimi da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah me zan yi? In karɓa in yi shiru ina fatan abin ya same ni a hanya? In gaya wa Malam shi kaɗai in roƙe shi ya rufa mini asiri wajen Nura? Ko in daina zuwa gaba ɗaya har zuciyata ta wanku, in ma tana wankuwa? Kuma wanda ya san yadda ake zama a gaban ƙane a koya daga gare shi alhali ana jin zafinsa, ya taimaka ya gaya mini, don jibi ne Juma'a, kuma a bayan mashin ɗinsa zan tafi.