Wilin da Habu Ya Bari

Daren Talata, Bunkure.

Yau ni, da na karance littattafan injiniyoyi ban taɓa ɗaure noti ba, aka kira in gwada wilin marigayi Habu mai walda: tayar tarakta cike da siminti, kwance a rami, tsakiya wayam, nauyin duk a gefe. Sola ke juya shi, yana adana ƙarfin da zai tuƙa famfon ban-ruwan lambunsa.

Matarsa ta ce, "Malam, in bai ba da ruwan yamma ba, tumatirin marayun nan ya tafi."

Rana ta faɗi, sola ta ɗauke. Na shirya doguwar lacca kan haƙuri. Wili kuwa ya ci gaba da gunji, famfo na zuba, har fangalin ƙarshe ya jiƙa. Na haɗiye laccata, na yi wa Habu addu'a.