Maganar Ziyad da Na'urorin da Na Sa Aka Kulle

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Ni ne Bubayero ɗan Arɗo Sani, tsohon malamin dabbobi, mazaunin Limawa a cikin Dutse. Ina rubuta wannan da hannuna a watan Sha'aban na 1423, wato Oktoban 2002. Hankalina na tare da ni, ba zafin ciwo ne ke magana ba, kuma ba wanda ya sa ni. Ƙafafuna sun kumbura, likita ya daina canja mini magani, ni kuwa na duba dabbobi shekara talatin, na san yadda jiki yake idan ya fara sallama. Liman Muhyiddeen da maƙwabcina Alhaji Gwadabe za su sa hannu a ƙasa.

Zuwa ga 'ya'yana huɗu: Ikrima, ɗan farina, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba sai yau da takarda ta tilasta mini, da Mashkura da ke aure a Jahun, da Ziyad da ke Kano, da autata Nuriyya.

Na ɗaya. Ku riƙe salla. Idan rai ya yi halinsa kada a jira kowa, ko wanda ke kan hanya. A kai ni makwancina da wuri, Liman Muhyiddeen ya sallace ni.

Na biyu. Gidan Limawa, da gonar hanyar Kiyawa, da shago guda a Takur, da shanun da ke hannun ƙanena Jaji a rugarmu ta bayan Jahun, duk a raba su yadda Allah ya raba. Ban ƙara wa kowa ba, ban rage wa kowa ba. Amma kafin a taɓa garken a fitar da jar saniya mai karyayyen ƙaho da 'ya'yanta biyu. Ba nawa ba ne, amanar Goggo Zulfa ce, a mayar mata da su. Mahaifiyarku Safiyatu, wadda kuke kira Dada, a bar ta ta zauna a ɗakinta na gidan nan har ƙarshen ranta. Duk wanda gidan ya faɗo a rabonsa ya san da ita ya gaje shi.

Na uku, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Maganar Ziyad.

Kun san farkonta, amma zan faɗa don jikokina da za su ji labarin a bakin wasu. Da aka yi jiha aka kawo hedikwata Dutse, ma'aikata suka taso daga Kano da iyalansu suka cika Takur. A gidan ɗaya daga cikinsu Ziyad ya fara ganin wasan nan da ake haɗawa da talabijin, wanda suke kira gem. Yana ɗan shekara goma sha biyar. Na ɗauka zazzaɓi ne zai sauka. Bai sauka ba. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, na samo masa makarantar koyon aikin gona, ya yi shekara ɗaya ya dawo. A 1998 ya je wurin Jaji ya karɓi shanu biyun da aka ba shi tun ranar sunansa, ya kai su kasuwa, ya sayo talabijin uku da na'urori uku da ƙaramin janareta. Ya roƙe ni aron shagon Takur, Dada ta sa baki, na ba shi ina juya kai.

Ban taɓa shiga shagon nan ba. Idan hanya ta biyo da ni ta wurin, sai in tsallaka titi.

Shekara biyu bayan haka aka yi wata gasa a Kano ta wasan ƙwallon da ke cikin na'urar. Ya tafi bai gaya mini ba. Ya dawo bayan la'asar, ina zaune a zaure da Alhaji Gwadabe. Ya durƙusa ya ajiye wani kofi mai hannu biyu a gabana, ya ce, "Baffa, mu sittin da huɗu ne, daga Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Ni na zo na ɗaya." Alhaji na raye, zai shaida abin da na mayar masa. Na ce, "Na ɗaya a me? Kakanka ya kora shanu ɗari uku har tsaunin Mambila ya dawo da su bai rasa maraƙi ba, ba wanda ya ba shi gwangwani. Ɗauke mini shi daga nan." Ya ɗauke. Tun daga ranar bai sake kawo mini wani abin da ya faranta masa rai ba.

Da aka ƙaddamar da shari'a, unguwanni suka fara duba gidajen kallo da wuraren taruwar matasa. Koke-koke suka yi yawa a kan shagon, kuma ba duka ne ƙarya ba. Yara na guje wa makaranta su je can. Wata mata ta zo har gidan nan ta ce ɗanta ya sayar mata da tunkiya. Masu kallo a bakin ƙofa suna sa kuɗi a kan wanda zai ci, wannan kuwa caca ce ko da wane suna aka kira ta. Ziyad yana rufewa lokacin salla, yana korar masu kayan makaranta idan ya gan su, amma mutum ɗaya ne, ido biyu gare shi. Ikrima na cikin kwamitin unguwa. Wata safiya ya je da mutane uku ya kwashe na'urorin da talabijin da janareta, ya kawo su gida ya kulle a sito, ya sa wa shagon kwaɗo. Ziyad ya ce masa a gaban jama'a shi ba ɗan'uwansa ba ne. Bayan sati ɗaya ya tafi Kano. Wata goma sha huɗu ke nan. Ya aiko wa Dada saƙo sau uku, ni da yayansa ko gaisuwa.

Ziyad, ka karanta nan da kyau. Ba yayanka ne ya rufe maka shago ba. Ni ne. Kwamitin ya amince a ba ka wata uku ka gyara, kuma shi ya roƙa maka hakan. Ni na kira shi na ce ya je ya kwashe kayan a ranar, don na gaji da yadda ake kallona a masallaci. Ya ce, "Baffa, a bari ya ji daga bakinka." Na ce idan ni na haife shi ya tafi. Ya tafi. Ka zage shi ya haɗiye, ka yanke shi ya yi shiru, bai taɓa cewa aiko shi aka yi ba. Ko Dada ba ta sani ba sai ta ji an karanta wannan. Na bar ɗa ya ɗauki laifin ubansa wata goma sha huɗu saboda ba ni da ƙarfin halin ɗauka. Ku yafe mini ku duka biyu.

Akwai kuma abin da ba wanda ya sani. A watan Rabi'ul Awwal, da na je Kano gwajin jini, na sa direba ya nemo mini wurin da kake yi wa wani tsaron shago. Na tsaya a bakin ƙofa na ja rawani. Kana wasa da wani da aka ce daga Legas ya zo musamman don ya gwada ka. Mutum ya fi arba'in a ɗakin, har da magidanta, amma ba ka jin ko tari. Ban gane abin da ke gudana a talabijin ɗin ba. Hannunka na kalla, da fuskarka. Na san wannan fuskar. Ita ce ta mahaifina idan ya tsaya a bakin garke da safe, ya dubi shanu ɗari uku sau ɗaya ya ce wance ba ta da lafiya. Ban taɓa ganin ta a fuskar wani cikin 'ya'yana ba sai a ranar. Da ka ci, ɗakin ya ɗauki ihu, baƙon ya miƙe ya kama hannunka da hannu biyu. Ka yi rama sosai, rigarka ta koɗe. Na so in kira ka. Na koma mota na ce wa direba mu tafi.

Tun daga nan tambayar ba ta bar ni ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na warware ta ba. Makiyayi ya mutu ya bar maruƙa. Magini ya bar katanga, malami ya bar ɗalibai. Mai gem fa, idan aka ɗauke wuta me ya rage? Shekarun ƙuruciya ba a ba da su sau biyu, kuma za a tambaye mu a kan me muka ƙarar da su. Wannan ke tsorata ni. Amma idan na juya ɗaya gefen sai in tuna kawuna Ɗan'inna. Bai bar ko akuya ba. Abin da ya iya a duniya shi ne shaɗi, ya tsaya a buge shi da sanda yana murmushi. Shekara arba'in da rasuwarsa, har yau idan na ce ni ɗan 'yar'uwarsa ne a kasuwar Jahun sai tsofaffi su matsa mini wuri a tabarma. Ban taɓa jin wani ya ce Ɗan'inna ya ɓata rayuwarsa ba. To me ya bambanta shi da ɗana, in ba don nasa mun gada ba, na ɗana kuwa a kwali ya zo?

Na kai wa Liman Muhyiddeen tambayar. Ya ce shi bai ga inda aka haramta wasa don kasancewarsa wasa ba, matuƙar ba caca, ba batsa, kuma bai ci lokacin salla ko haƙƙin wani ba. Na ce ba halal ko haram nake tambaya ba, ina tambaya ne ko ya isa mutum ya tsayar da rayuwarsa a kai. Ya ce wannan ba a littafinsa take ba. Ni ma ba ta cikin nawa. Abin da na sani shi ne yarona ya fi mutum sittin da uku iya abu guda, ya kawo mini da hannu biyu, na kira shi gwangwani a gaban baƙo. Ko wasan banza ne, abin da na yi ba daidai ba ne.

Na huɗu. Talabijin uku, na'urori uku da janareta da ke sito ba gado ba ne. Da shanun Ziyad aka saye su, nasa ne. Mabuɗin na cikin aljihun jakata ta aiki. A miƙa masa ba tare da wa'azi ba. Kofin yana ƙarƙashin gadon Dada, a naɗe a zane. Ta ɗauka ban sani ba. A fito da shi a ajiye inda ake ajiye abin da gida ke alfahari da shi.

Na biyar. Na san ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada, don haka wannan roƙo ne ba umarni ba. Idan aka zo rabo, ku bari shagon Takur ya faɗa a kason Ziyad. Idan hukuma ta yarda ya buɗe, ya buɗe. Idan ba ta yarda ba, kada ya yi jayayya da ita, ya sa wata sana'ar a ciki.

Kai kuma Ziyad, ga nawa sharuɗɗan, na uba ne ba na kwamiti ba. Kada caca ta tsaya ko a inuwar ƙofarka. Kada ka karɓi kuɗin ɗan makaranta a lokacin makaranta, ko da shi ne cinikinka na yini. Matar nan mai tunkiya, ka je ka ba ta haƙuri. Ka koyi gyaran na'urorin nan da talabijin, tunda na ji kana buɗe su ka mayar. Ido da yatsa suna tsufa, wata rana ƙaramin yaro zai cinye ka a gaban mutane, ina so ranar ta same ka da wani abu a hannu. Ban ce ka bari ba. Shekara goma ina cewa ka bari, abin da na samu shi ne ɗakinka a rufe.

Na shida. Mashkura, ke kike aika masa da man shanu da dambu a ɓoye ta hannun direbobin Jahun. Na sani, Allah ya yi miki albarka. Ke za ki kai masa kwafin takardar nan da kanki, gobe ba jibi ba. Kada ki matsa masa. Ki ba shi, ki zauna har ya gama karantawa.

Na bakwai. Nuriyya ta ƙarasa karatun ungozoma. Kada a yi mata maganar komai sai ta gama. Kuma duk abin da ta kawo muku tana murna, ku dube shi tukuna kafin ku yi magana.

Ban sani ba ko zan ga Ziyad da idona. Ina sauraren kowace mota da ta tsaya a ƙofar gida. Idan ya iso ina da rai, alhamdu lillahi. Idan ya tarar an dawo daga maƙabarta, kada kowa ya ce masa ya makara, domin ni na makara ba shi ba. Ikrima, kai za ka raka shi ka nuna masa kabarina, ku biyu kaɗai, kuma a hanya ɗaya za ku dawo.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya rufa muku asiri duniya da lahira. Na yafe muku abin da na sani da wanda ban sani ba. Ku riƙe Dada, ku riƙe Jaji, ku ci abinci a kwano ɗaya ranar salla. Ku huɗu na bari, kada in tashi gobe kiyama a ce mini uku ne.

Mahaifinku,
Bubayero ɗan Arɗo Sani
Limawa, Dutse