Cajar Mutanen Daji

Birnin Gwari

Zuwa ga ƙanena Abarshi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya a Ibadan. Allah ya ƙara wa A'isha sauƙin ƙafarta. Mu nan muna numfashi, ba zan ce muna lafiya ba. Safiyatu na fama da hawan jini, jikarmu Nafisat kuwa ta daina firgita da ƙarar babur, ta saba.

Taransistocin da ka aiko sun iso, na gode. Ɗaki ɗaya na roƙe ka bara, ka aiko mini da kayan gyara, kana cewa in riƙe sana'ata. To, na riƙe. Cajojin da nake haɗa wa masu sola suka daina ƙonewa, sunana ya yi nisa, har ya shiga daji. Ranar kasuwa wasu mutum biyu suka ajiye mini cajar oba-obansu, rediyon da suke kiran juna da shi a daji, a kan tebur. Babbansu ya ce an yaba masa hannuna a Dogon Dawa, ya kuma tambayi lafiyar Nafisat da sunanta. Ban taɓa faɗa masa sunan ba.

Tare muka yi karatu, ka san irin cajar nan. Taransisto ya buɗe, taransifoma ta tara wuta, ya rufe, ta juye ta ɗaya ɓangaren. Duk lafiyarsa tana ga yadda ake tura shi: ya buɗe gaba ɗaya, ya rufe nan take. In turin ya yi rauni sai ya tsaya rabi da rabi, ya yi ta zafi har ya ƙone. Rasisto guda mai daidaita turin zan canza, caja ta yi aiki a gabansu, ta mutu bayan sun koma daji. Amma ba wawaye ba ne, sun san ƙofar shagona. In kuma na gyara da gaskiya, da hannuna za a kira juna a tare hanyar Gayam, inda aka kashe mahaifin Nafisat. Na kai maganar wurin wani babba, ya ce in yi haƙuri in yi addu'a. Ga ribar karatun da na bar gonar Baba saboda shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba shawara nake nema ba. Sun ce za su dawo kasuwa mai zuwa. Kafin nan Labaran direba zai sauke Safiyatu da Nafisat a ƙofar gidanka. Ko zaure ne ka share musu. Safiyatu tana zaton asibiti za ta, kada ka gyara mata zance.

Ka gaida A'isha da Mustapha da Karima. Kada ka sake aiko da taransisto. Na riga na canza rasiston.

Yayanka,
Maliki